Gandu Ko Gayauna: Yadda Kwamfuta Mai Ƙwaya Da Yawa Take Raba Aikin Dara

Duk wanda ya sayi wayar hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, in ya duba bayanin da ke jikin kwalinta, mai yiwuwa ne ya tarar an ce masarrafinta yana da ƙwaya takwas. Masarrafi shi ne ɗan fallen silikon da ke yin dukan lissafin da na'ura take yi. A da ƙwaya ɗaya tak yake da ita, yana bin umarni ɗaya bayan ɗaya kamar yadda almajiri ke bin baƙi a allo da tsinke, kuma babbar hanyar ƙara masa ƙarfi ita ce a ƙara masa sauri. Haka aka yi ta yi har zuwa wajen shekarar 2004, sa'ad da saurin ya kai bugu biliyan 3 da wani abu a daƙiƙa ɗaya, sai abin ya ci tura saboda zafi. A wannan shekara kamfanin Intel ya fasa fitar da masarrafin da ya yi niyya mai bugu biliyan 4. Daga nan masu ƙira suka sake dabara: maimakon ma'aikaci ɗaya mai tsananin sauri, sai a zuba ma'aikata biyu ko huɗu ko takwas a cikin falle guda, kamar ƙwayoyin gyaɗa a cikin ɓawo ɗaya. Kamfanin IBM ya riga ya yi haka tun 2001 a manyan injunansa, a 2005 kuma Intel da AMD suka kawo masu ƙwaya biyu zuwa kwamfutocin gida.

Sai dai yawan ma'aikata wani abu ne, raba musu aiki kuma wani abu ne daban. Manhajar da aka rubuta domin ƙwaya ɗaya, ko an ɗora ta a kan mai takwas, ɗaya za ta yi amfani da ita, sauran bakwai suna zaune. Mai tsara manhaja shi ne zai karkasa aikin, kuma hanyoyi biyu ne a gabansa. Ɗaya ana kiranta furoses, ɗayar kuwa sunanta na Ingilishi yana nufin zare. Ba inda aka fi gwada ƙwanjin waɗannan hanyoyi biyu kamar a manhajojin da ke buga darar ces, domin a can ba a musu: manhajar da ta fi iya raba aiki ita za ta ci wasa.

Abin da injin dara yake lissafawa

Darar ces ba baƙuwa ba ce ƙwarai a wannan yanki. Wani nau'inta da ake kira tsatsarandi an daɗe ana buga shi a Barno, har wani jami'in mulkin mallaka mai suna P. G. Harris ya rubuta bayaninsa a 1939. Allonta yana da gida 64, kowane ɗan wasa kuma yana da 'ya'ya 16. Kamar yadda gwanin darar gargajiya yake yi kafin ya ɗaga ɗansa daga gurbi, mai buga ces yana tambayar kansa ne: in na yi kaza, me abokin karawa zai yi, ni kuma sai in mayar masa da me?

Manhajar da ke yin wannan tunani, wadda ake kira injin dara, tana bin tambayar ne har iyakar ƙarfinta. A farkon wasa mai fararen 'ya'ya yana da taku 20 da zai zaɓa. Kowane ɗayansu yana da amsa 20, yanayin allo ya zama iri 400 ke nan. A taku na uku hanyoyin sun kai 8,902, a na huɗu 197,281, a na biyar 4,865,609, a na shida kuwa 119,060,324. Wannan ita ake kira bishiyar bincike, saboda kowane reshe yana fitar da wasu rassa. A 1950 masanin lissafi Claude Shannon na Amurka ya ƙiyasta cewa in aka ɗauki taku 30 a kowane yanayi, kuma kowane ɗan wasa ya yi taku 40, yawan wasannin da za su iya faruwa zai kai 1 da sifiri 120 a bayansa. Ba na'urar da za ta ƙirga wannan, ko yau ko gobe.

Dabaru biyu ne suka sa aikin ya yiwu, kuma sai an fahimce su za a gane inda gardamar zare da furoses ta samo asali.

Ta farko ita ce sassabe, wadda masana suke kira alfa-beta. A ce injin ya gama binciken taku na farko ya ga zai fita kunnen doki. Ya koma kan taku na biyu, sai ya ga amsar farko ta abokin karawa za ta cinye masa sarauniya a banza. To, ba shi da bukatar ya duba sauran amsoshi 29, domin wannan ɗaya ta isa ta nuna taku na biyu bai kai na farko ba. Sai ya sare reshen dungum. Donald Knuth da Ronald Moore sun yi cikakken nazarin wannan dabara a 1975. In aka yi sa'a ana fara duba taku mafi kyau a kowane wuri, binciken taku shida da zai ci yanayi miliyan 729 yakan ragu zuwa kimanin 54,000. Abin lura a nan shi ne, sakamakon reshen farko shi ne addar da ake sare sauran da ita. Wanda bai san abin da aka samu a reshen farko ba, ba shi da abin sara.

Ta biyu ita ce ajiyar sakamako. Mai farare zai iya fara fitar da doki sa'an nan ya tura soja, ko ya fara tura sojan sa'an nan ya fitar da dokin. In abokin karawa ya yi amsoshi iri ɗaya, allon zai zama daidai a hanyoyin biyu. Wauta ce a sake lissafa abin da aka riga aka lissafa. Saboda haka injin yana keɓe wani babban wuri a ma'adanar kwamfuta, inda yake rubuta kowane yanayi da ya bincika tare da darajarsa da takun da ya fi kyau a cikinsa. Richard Greenblatt ya yi amfani da wannan a manhajarsa ta Mac Hack a wajen 1967, a 1970 kuma Albert Zobrist ya fito da hanyar bai wa kowane yanayi lambar shaida domin a same shi da sauri. Wannan wurin ajiya shi ne rumbun injin.

Gida ɗaya ko gidaje da yawa

A Bacirawa da ƙauyukan da ke arewacin Kano ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan tun da daɗewa. Gona tana manne da gona, iyakarsu layin gamba ne ko lalle ko aguwa, kuma ana noma kowace shekara ba hutu, da taimakon taki. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi rubutu a kan wannan yanki tun 1965, Polly Hill kuma ta yi nazarin tsarin gandu a Batagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano a littattafanta na 1972 da 1977. Ko da yake gandu ya yi rauni a wurare da yawa, kowane ɗan ƙauye ya san ƙa'idarsa. Maigida da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Abin da mutum ya mallaka shi kaɗai shi ne gayaunarsa, wadda sai an yanka masa ita take zama tasa. In kuwa aka raba gandu, sai al'amarin ya juya: kowa da gonarsa da rumbunsa da tukunyarsa, kuma ba abin da ya rage na tarayya sai wanda aka zauna aka amince a kansa, kamar rijiya ko masussuka.

Furoses kamar magidanci ne da ya ware. Duk manhajar da aka kunna, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows ko Linux ko Android, tana yanka mata nata yanki na ma'adana, ta kewaye shi da shinge. Wani furoses ba zai iya leƙa abin da ke ciki ba, balle ya taɓa. In biyu suna son su yi magana, sai dai su aika saƙo ta hannun babbar manhaja, ko su nemi a keɓe musu wani yanki na musamman da za su yi tarayya a kansa. Tun farkon shekarun 1970 tsarin Unix na Ken Thompson da Dennis Ritchie yake da umarnin da ke sa furoses ya haifi kwafin kansa, ɗan ya tashi da irin kayan uban amma a cikin nasa shingen.

Zare kuwa ɗan gandu ne. Furoses ɗaya yana iya ƙunsar zaruruwa da yawa, kowanne yana bin nasa layin umarni, kowanne yana iya hawa tasa ƙwayar, amma dukansu a cikin shinge ɗaya suke. Abin da ɗaya ya rubuta a ma'adana, nan take sauran suna iya karantawa. Abin da kowane zare ya keɓanta da shi kaɗan ne: wurin da ya tsaya a cikin aiki da 'yan lambobin da yake riƙe da su a lokacin. An daidaita ƙa'idar zaruruwa ta POSIX a 1995, wadda ta sa manhaja ɗaya take iya aiki da su a injuna iri-iri.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa zare ya fi furoses sauri. Gaskiya ne ƙirƙirar zare ta fi arha, kuma sauya ƙwaya daga wani zare zuwa ɗan'uwansa ya fi sauƙi, musamman a Windows, inda tayar da sabon furoses yake da nauyi. Amma injin dara sau ɗaya yake tayar da ma'aikatansa, kowanne ya kama ƙwayarsa ya zauna a kai har wasa ya ƙare. Da zarar sun fara, ƙwaya ba ta san ko zare take yi wa aiki ko furoses ba. Lissafi ɗaya ne, sauri ɗaya ne. A Linux ma umarni guda ne yake haifar da su duka biyun, abin da ya bambanta su shi ne jerin abubuwan da aka ce ɗa zai yi tarayya da uba a kai. An kuma ga shaidar haka a fili: Rybka ta Vasik Rajlich, wadda ta yi zarra a tsakanin injunan dara a ƙarshen shekarun 2000, furoses da yawa take tayarwa, suna haɗuwa a kan rumbu ɗaya da aka keɓe musu, alhali takwarorinta da yawa zaruruwa suke amfani da su.

Ainihin bambancin yana ga abin da ake ɗauka tun asali. A tsarin zare kome na kowa ne sai abin da aka keɓe. A tsarin furoses kome na mutum ɗaya ne sai abin da aka haɗa. Wanda yake da tsohuwar manhaja ta ƙwaya ɗaya, wadda take da allo guda da jerin taku guda a warwatse cikin rubutunta, furoses zai fi masa sauƙi, domin kowane kwafi zai tashi da nasa allon ba tare da an gyara kome ba, rumbu kaɗai za a haɗa. In zaruruwa ya zaɓa, dole ya bi rubutun layi-layi ya yanka wa kowane zare gayaunarsa. In ya manta da abu ɗaya, zare biyu za su riƙa motsa 'ya'ya a kan allo guda, kuma irin wannan kuskure yakan ɓuya: manhajar ta yi wasa ɗari lafiya, a na ɗari da ɗaya ta yi takun da ba ya cikin doka, a sake gwadawa kuma a rasa shi. Amma wanda ya fara gini daga tushe da sanin haka, zaruruwa sun fi masa daɗin aiki, domin ba sai ya roƙi babbar manhaja kome ba, kuma rubutu ɗaya zai yi masa a Windows da Linux da waya. Wannan ne ya sa yawancin injunan yau, har da Stockfish, suke bin tsarin zare.

Hannu biyu a bakin rumbu

Ko da wace hanya aka bi, matuƙar rumbu ɗaya ne, akwai matsalar da ba ta kaucuwa. Kowane rubutu a cikin rumbun kashi biyu ne: lambar shaidar yanayi da sakamakonsa. A ce zare na farko ya rubuta lambar shaida, kafin ya rubuta sakamako sai zare na biyu ya zo gurbi ɗaya ya zuba nasa. Abin da zai rage a gurbin shi ne lambar wannan da sakamakon wancan, kamar buhun da aka rubuta wa gero alhali dawa ce a ciki. Duk wanda ya zo daga baya ya karanta zai ɗauki ƙarya a matsayin gaskiya.

Maganin da aka saba da shi shi ne kwaɗo: mai shiga ya kulle, sauran su jira ya fito. Amma kowace ƙwaya tana leƙa rumbun sau dubbai ɗaruruwa, ko ma fiye da miliyan, a daƙiƙa ɗaya, don haka kullewa da buɗewa da jira sukan cinye wani kaso na ribar da aka samu. A 2002 Robert Hyatt da Tim Mann suka bayyana wata dabara mai ban sha'awa wadda ba ta bukatar kwaɗo. Ana iya kwatanta ta da tarawa da ɗebewa. A ce lambar shaida 70 ce, sakamako kuma 25. Maimakon a rubuta 70 da 25, sai a rubuta jimlarsu 95 da kuma 25. Mai karatu zai ɗebe 25 daga 95, in ya sami 70 ya san rubutun lafiya yake. To, a ce wani zare mai lamba 40 da sakamako 12 ya kutsa a tsakiya, aka wayi gari gurbin yana ɗauke da 95 da 12. Mai neman 70 zai ɗebe ya sami 83, mai neman 40 ma 83 zai samu. Duka biyun sai su yi watsi da gurbin su lissafa da kansu. A zahiri ba tarawa ake yi ba, wani aiki ne na lambobin kwamfuta da ake kira XOR, amma hikimar ɗaya ce: a bar hatsarin ya faru, a tabbatar dai za a gane shi. Stockfish ta ma fi haka sakaci da gangan. Ba ta kulle rumbu, sai dai duk takun da ta ɗauko daga ciki tana dubawa ko zai yiwu a kan allon da ke gabanta kafin ta yi aiki da shi.

Ƙanne su jira wa

Raba rumbu ƙaramin aiki ne in aka kwatanta da raba bishiyar kanta. A noman firi, in mutum takwas suka shiga gona, kowa ya kama kunyarsa, aikin yini takwas zai ƙare a yini ɗaya, domin ciyawar wannan kunya ba ruwanta da ta waccan. Bishiyar dara ba haka take ba. In aka raba taku 32 ga ƙwayoyi takwas, kowace ta ɗauki huɗu, to bakwai daga cikinsu za su fara aiki ba adda a hannu, tunda ba a gama reshen farko ba. Za su yi ta wahala a kan rassan da ƙwaya ɗaya mai bi a hankali da tuni ta sare. Kowa yana gumi, amma rabin gumin na banza ne. Ga kuma rassan ba girmansu ɗaya ba: wata ƙwaya ta gama nata cikin ƙiftawar ido ta zauna, wata tana nan tana fama.

Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar da ke kan kowane aiki irin wannan. In kashi 10 cikin 100 na aiki dole a yi shi bi da bi, to ko ma'aikata dubu aka kawo saurin ba zai wuce ninki 10 ba.

Masana sun shafe shekaru suna neman tsarin da zai rage asarar. A Jami'ar Paderborn ta Jamus, Rainer Feldmann da abokan aikinsa sun fito da wata ƙa'ida a wajen 1989 wadda sunanta yake nufin ƙanne su jira. A kowane wuri a bishiyar, sai an gama binciken reshen farko, wato babban wa, kafin a raba ƙannensa ga ƙwayoyin da ba su da aiki. Robert Hyatt, wanda manhajarsa Cray Blitz ta ci gasar duniya ta kwamfutoci a 1983 da 1986, ya tsara wata hanya inda ma'aikacin da ya gama nasa zai je ya nemi inda ya fi dacewa ya taya wani. Da masarrafi 16 na injin Cray C90 ya sami ninki 11.1, kuma an ɗauki wannan a matsayin babbar nasara. Deep Blue ta IBM, wadda ta sha kaye a hannun Garry Kasparov da ci 4 da 2 a 1996, ta kuma doke shi da 3½ da 2½ a birnin New York cikin watan Mayu na 1997, ta haɗa kwamfutoci 30 da ƙananan masarrafai 480 da aka ƙera musamman don ces, tana iya duba yanayi har miliyan 200 a daƙiƙa. Amma maƙeranta da kansu sun bayyana cewa kaso mai yawa na wannan ƙarfi yana zubewa a wajen raba aiki.

Duk waɗannan hanyoyi suna bukatar shugaba da umarni da jira, kuma rubuta su ba kuskure aiki ne mai cin rai. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya ba mutane da yawa mamaki. A wajen 2013 wata hanya ta fara yaɗuwa a tsakanin masu rubuta injunan dara, wadda suka laƙaba wa suna Lazy SMP, wato hanyar malalata. A nan ba a raba kome. Dukan zaruruwa suna fara binciken yanayi ɗaya daga tushe ɗaya, ba mai umartar wani, ba mai jiran wani. Rumbu kaɗai ya haɗa su. A ido wannan ɓarna ce tsantsa, kamar a tura mutum takwas su nome kunya guda. Amma da yake ba zare biyu da saurinsu yake daidai, ɗaya yakan riga isa wani reshe ya ajiye sakamako, na bayansa ya tarar da shi a rumbu ya tsallake zuwa gaba, shi ma ya ajiye wani abin da na farkon zai tsinta. Cikin ɗan lokaci sai su warwatsu a bishiyar da kansu. Stockfish ta Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski, wadda aka fara fitarwa a 2008, ta yi shekaru tana bin ƙa'idar ƙanne su jira, sa'an nan ta watsar da ita ta koma wannan hanya a fitowarta ta 7 cikin watan Janairu na 2016. In aka auna da lokacin da ake ɗauka kafin a kai wani zurfi, hanyar malalata ba ta burgewa. In aka auna da wasannin da ake ci, musamman da ƙwayoyi masu yawa, ta tsaya da ƙafarta. Ma'aunin na biyu shi ne wanda ya kamata a kula da shi, domin ba a ba da maki don zurfi.

A wannan tsari rumbu ya tashi daga wurin ajiya ya zama shi ne dukan maganar da ke tsakanin ma'aikata, kuma hakan ya ƙara wa zare daraja, tunda shi a wurinsa tarayya kyauta ce.

Inda shinge ya fi

Duk da haka furoses bai rasa wurinsa ba. Farashin gandu shi ne, in gobara ta kama ɗaki ɗaya gidan duka ne ke cikin hatsari: zare guda in ya yi kuskure ya taɓa inda bai kamata ba a ma'adana, babbar manhaja za ta kashe furoses ɗin gaba ɗaya da duk zaruruwan da ke cikinsa. Don haka ne ma allon da mutum yake gani a fuskar kwamfuta da injin da ke lissafi ba a gida ɗaya suke ba. Ƙa'idar UCI, wadda Rudolf Huber da Stefan Meyer-Kahlen suka fitar a shekarar 2000, ta sa injin ya zama furoses mai zaman kansa. Manhajar allo tana aika masa gajerun saƙonni na rubutu, shi kuma ya amsa da takun da ya zaɓa. In injin ya faɗi, allon yana nan da wasansa. Kuma ana iya cire wannan injin a sa wancan, ko da ba mutum ɗaya ya rubuta su ba.

Haka nan in aikin da kansa a rarrabe yake. Tun 2013 masu gyaran Stockfish suke gwada kowane sabon canji ta hanyar buga dubban wasanni a kwamfutocin 'yan sa-kai, a wani tsari da ake kira Fishtest. A yawancin waɗannan gwaje-gwaje kowane injin zare ɗaya ake ba shi, a kunna wasanni da yawa a lokaci guda, kowanne a cikin nasa furoses. Wannan shi ne noman kunya-kunya na gaske: wasa ba ya bukatar sanin abin da ke faruwa a wani wasan, hasali ma in rumbunsu ya haɗu gwajin ya lalace. A nan ƙwaya takwas tana ba da kusan ninki takwas. Malamin da yake son ya bincika wasanni 40 na ɗalibansa zai fi cin riba in ya bi wannan hanya, maimakon ya tara dukan ƙwayoyi a kan wasa ɗaya bayan ɗaya.

In kuma kwamfutoci daban-daban ne aka haɗa da waya, kamar Deep Blue, ko Hydra da ta doke Michael Adams na Ingila da 5½ da ½ a Landan a 2005, to ba zaɓi: zare ba ya tsallaka daga wata na'ura zuwa wata, sai furoses da saƙo. Nisa kuwa abu ne mai tsada a wannan duniya. A bugu ɗaya na masarrafi mai bugu biliyan 3, haske kansa santimita 10 kawai yake tafiya. Ɗauko lamba daga babbar ma'adana yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa, lokacin da ƙwaya za ta yi bugu wajen 300. Shi ya sa kowace ƙwaya take da 'yar ma'ajiyarta a kusa, kamar kwandon da uwargida take ɗebo hatsin yini a ciki. Ana ɗebowa ne a dunƙule, yawanci bayit 64 a lokaci guda. In zare biyu suna yawan rubutu a lambobi biyu da suke maƙwabtaka a cikin dunƙule ɗaya, ko da ba ruwan wannan da lambar wancan, dunƙulen zai yi ta kai da kawowa tsakanin ƙwayoyin biyu, saurin ya faɗi ba tare da an ga dalili a rubutun manhaja ba. Furoses ba ya cika faɗawa wannan tarko, tunda kayansa a ware suke tun asali.

Ɗalibin da ya saukar da Stockfish a kwamfutar makaranta zai tarar da wurare biyu da ake iya gyarawa, ɗaya na yawan zaruruwa, ɗaya na girman rumbu. Tana zuwa ne da zare 1 da rumbu mai megabayit 16, don haka in ba a taɓa su ba ƙwaya ɗaya ce kawai take aiki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada zaruruwa su wuce yawan da masarrafin yake iya ɗauka a lokaci guda, in ba haka ba za su riƙa karɓa-karɓa a kan ƙwaya ɗaya. Kuma yana da kyau a bar wa allon da babbar manhaja ƙwaya guda. In an ƙara zaruruwa sai a ƙara rumbu, domin hannu takwas sun fi saurin cika shi. A waya lissafin ya ɗan bambanta. Ƙwayoyin nan takwas ba ƙarfinsu ɗaya ba, galibi biyu ko huɗu ne manya, sauran ƙanana ne masu tsimin batir. Waya kuma ba ta da fanka. In aka sa dukansu aiki a zafin watan Afrilu na Kano, cikin 'yan mintoci za ta ɗauki zafi ta rage wa kanta sauri, ta yadda zare huɗu a inuwa za su iya yin abin da takwas suka kasa a rana.